HMS Petard: Jirgin yaƙin da ya ciro makullin saƙonnin Jamus daga bakin teku

Duk wanda ya buɗe sabuwar hira a WhatsApp zai ga wani ɗan rubutu a sama, yana shaida masa cewa saƙonninsa a kulle suke tun daga wayarsa har zuwa wayar wanda ya aika wa, babu mai iya karanta su a tsakani ko da kamfanin ne da kansa. Yawancin mutane ko kallon rubutun ba sa yi. Amma shekaru 80 da 'yan kai da suka wuce, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, iya karanta kullallen saƙo ko rashin iyawa shi ne ke raba wanda zai isa gaɓa lafiya da wanda zai kwana a ƙasan teku.

HMS Petard jirgin yaƙin Birtaniya ne. A wani dare cikin watan Oktoban 1942, mutanensa uku suka shiga cikin jirgin abokan gaba yana tsakiyar nitsewa don su kwaso takardu. Ɗaya ne kawai ya tsira. Cikin abin da suka kwaso akwai wasu 'yan littattafai biyu da suka buɗe wa masana lissafi a Ingila ƙofar da ta yi wata goma a rufe. Petard ne kuma jirgi ɗaya tilo a ɓangaren Ƙasashen Ƙawance da ya sa hannu wajen nutsar da jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus da Italiya da Japan, duka ukun.

Wane irin jirgi ne?

Irinsa ake kira distiroya. Ba ya cikin manyan jiragen yaƙi masu igwa kamar gangar mai. Aikinsa gudu da rakiya da farauta: ya zagaye ayarin jiragen kaya kamar karen makiyayi, in ya ji motsin jirgin ƙarƙashin ruwa ya bi shi ya yi masa ruwan bama-bamai. Tsawon Petard kusan mita 105 ne, yana gudun da ya kai kilomita 67 a awa, da igwa huɗu da bututun harba tofido, mutanen cikinsa kuma wajen 200. Kamfanin Vickers-Armstrongs ne ya ƙera shi a bakin kogin Tyne, kusa da birnin Newcastle. An fara aikin a Disambar 1939, aka tura shi ruwa a Maris 1941, aka kammala shi a Yunin 1942. Sunan nasa na wata tsohuwar nakiya ce da ake fasa ƙofar ganuwa da ita a yaƙe-yaƙen Turai na da.

Su takwas aka ƙera a ajinsa, dukkansu sunansu ya fara da harafin P, kuma ba su ji da daɗi ba. Uku sun nitse a Tekun Bahar Rum. Wani mai suna Porcupine tofido ya yi masa rauni har aka raba shi gida biyu, sojojin ruwa da ba sa rasa abin barkwanci suka raɗa wa rabin gaba Pork, rabin baya Pine.

Da yake a lokacin jiragen saman Jamus da Italiya sun hana wucewa ta tsakiyar Bahar Rum, sai da Petard ya zagaye nahiyar Afirka kaf ta kudu kafin ya isa Masar, inda ya shiga aiki a ƙarƙashin wani kwamanda mai zafin rai da tsananin horo, Mark Thornton.

Na'urar da ta rufe wa Birtaniya ido

Kafin a fahimci abin da ya faru a daren nan, sai an san Enigma. In ka gan ta za ka ɗauka tafireta ce a cikin akwatin katako. Tana da maɓallan haruffa 26, sama da su kuma ƙananan fitilu 26. In aka danna harafi, wutar batir ta bi ta cikin wasu fayafayai masu wayoyi a ciki, ta doki wani faifai mai mayar da ita baya, ta dawo ta kunna fitilar wani harafin daban. Dabarar ita ce duk dannawa ɗaya faifan farko yana juyawa taki ɗaya, kamar mitar kilomita ta tsohuwar mota. Saboda haka in ka danna A sau biyar, haruffan da za su fito ba lallai su zama iri ɗaya ba. A gaban na'urar kuma akwai allon soke wayoyi da ke ƙara musanya haruffa biyu-biyu. Wanda aka aika wa saƙon, in ya saita tasa na'urar daidai da ta mai aikawa, yana buga shirmen da ya karɓa ta rediyo sai saƙon asali ya fito.

Saitin na kowace rana shi ne makullin, kamar dai kalmar sirri da ake sauyawa kullum. Sojin ƙasa na Jamus suna zaɓar fayafayai uku cikin biyar, wato hanyoyin jerawa 60. Sojin ruwa sun fi taka-tsantsan, suna zaɓar uku cikin takwas, hanyoyi 336. Kowane jeri kuma yana da wuraren farawa 17,576, ban da allon wayoyin nan.

Masana lissafi na ƙasar Poland, musamman Marian Rejewski, su suka fara gano cikin na'urar tun 1932, suka miƙa wa Birtaniya da Faransa abin da suka sani gab da fara yaƙi a 1939. A wani gida mai suna Bletchley Park, kimanin kilomita 80 daga Landan, Alan Turing da Gordon Welchman suka tsara wata na'ura mai amfani da lantarki da ake kira bombe, wadda ke gwada dubban saiti cikin sauri. Sai dai bombe ba ta aiki a kan iska. Dole a ba ta ɗan guntun rubutu da ake kyautata zaton yana cikin saƙon, tamkar wanda ya san kalma ɗaya a cikin wasiƙar da aka rubuta da baƙin harshe. Wani rauni na Enigma ya taimaka a nan: harafi ba ya taɓa fitowa a matsayin kansa, A ba ta taɓa zama A. Da wannan ake gane inda guntun zai iya zama da inda ba zai iya ba.

Daga tsakiyar 1941 Bletchley tana karanta saƙonnin jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus, ana karkatar da ayarin jiragen kaya daga inda suka yi kwanton ɓauna. Birtaniya tsibiri ce, abinci da man fetur da makamai duk ta ruwa suke zuwa mata, don haka wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shugaban rundunar jiragen na Jamus, Karl Dönitz, ya fara zargin akwai lauje cikin naɗi. Ranar 1 ga Fabrairun 1942 jiragensa na Tekun Atilantika suka koma amfani da sabuwar Enigma mai fayafayai huɗu, samfurin M4. Faifai na huɗun ya ninka aikin sau 26. Abin da bombe za ta gama a yini ɗaya ya koma na kwana 26, makullin kuwa bai wuce na yini guda ba. In ban da 'yan kwanaki ƙalilan, Bletchley ta makance. Jamusawa na kiran wannan layin saƙonni Triton, a Bletchley kuma aka sa masa suna Shark.

A shekarar 1942 jiragen ƙarƙashin ruwa sun nutsar da jiragen kaya fiye da 1,000. A watan Nuwamba kaɗai nauyin waɗanda suka nutsar ya haura tan 700,000. Abin da ya ƙara dagula lamarin, a daidai lokacin masu fasa saƙo na sojin ruwan Jamus suna karanta lambobin sirrin da Birtaniya ke amfani da su wajen tsara tafiyar ayari. Mai leƙen asirin wani, ashe shi ma ana leƙen nasa.

Daren 30 ga Oktoba

Ana tsakiyar gwabza yaƙin El Alamein a hamadar Masar, wani jirgin saman Birtaniya ya hango alamar jirgin ƙarƙashin ruwa a arewa da gaɓar Masar. Distiroya biyar suka nufi wurin: Pakenham, Petard, Hero, Dulverton da Hurworth. Abin farautar shi ne U-559, ƙarƙashin Hans Heidtmann, jirgin da a shekarar da ta gabata ya nutsar da jirgin yaƙin Ostireliya mai suna Parramatta a kusa da Tobruk.

Kayan farauta na wancan zamani biyu ne. Na farko ASDIC, kakan abin da yau ake kira sona: a aika ƙara cikin ruwa, in ta doki ƙarfe ta dawo, mai saurare da abin ji a kunne ya ƙiyasta nisa da ɓangare. Na biyu bama-bamai masu siffar durom, da ake gangarawa ruwa bayan an saita zurfin da matsin ruwa zai tayar da su. Matsalar ita ce ASDIC yana rasa abin da yake bi in an zo dab da shi, wato a daidai lokacin da za a saki bam, kuma ƙarar fashewar tana rikita ruwa na ɗan lokaci. Ƙwararren kwamanda yakan yi amfani da wannan taƙin ya sulale. Heidtmann ya nitsa ƙasa da zurfin da bama-baman ke iya kaiwa. Mutanen Petard sun ba da labarin cewa sabulu suka riƙa cusawa a ramukan da ruwa ke shiga cikin bam ɗin, don ya jinkirta fashewa har sai ya ƙara nitsewa.

Tun tsakar rana ake abu ɗaya har bayan ƙarfe goma na dare. A cikin U-559 iska ta gurɓace, jikin jirgin ya fara yoyo. Daga ƙarshe ya taso sama. Fitilar Petard ta haske hasumiyarsa, inda aka zana hoton farin jaki, igwogi suka buɗe masa wuta, Jamusawa suka riƙa faɗawa ruwa. Bakwai daga cikinsu sun mutu, an tsamo 38.

Doka ce a wurin sojin ruwan Jamus cewa kafin a bar jirgi a lalata takardun sirri. Har ma da tawada mai narkewa a ruwa ake buga littattafan, don da zarar ruwan teku ya taɓa su shi ke nan. A cikin ruɗanin wannan dare babu wanda ya yi hakan.

Mutum uku daga Petard suka isa kan jirgin da aka gudu aka bari. Tony Fasson, mataimakin kwamanda, ɗan Sikotilan mai shekara 29. Colin Grazier, ƙaramin sojan ruwa daga garin Tamworth mai shekara 22, wanda ya yi aure kwana biyu kacal kafin ya bar gida. Na ukun, Tommy Brown, ba ma soja ba ne. Yaron kanti ne mai sayar wa sojoji shayi da taba a cikin jirgi, shekararsa 16, ƙarya ya yi game da shekarunsa kafin a ɗauke shi aiki.

Fasson da Grazier suka sauka ta tsanin hasumiya zuwa cikin duhu, ruwa na shigowa ta ramukan da harsasai suka huda. A ɗakin kwamanda Fasson ya fasa ma'ajiya ya fara fito da takardu. Brown ne ɗan aike: ya karɓa, ya hau tsani, ya miƙa wa waɗanda ke cikin kwalekwalen Petard da ya matso gefe, ya koma. Sau uku yana wannan zirga-zirga, ruwa na ƙara hawa, kuma dole takardun su isa a bushe. Ana ƙoƙarin fito da wani akwatin na'ura da igiya ne jirgin ya tafi ƙasa farat ɗaya. Brown yana sama, ya yi musu ihu su fito. Ruwa ya ja shi, ya taso, aka tsamo shi. Fasson da Grazier suka tafi da jirgin.

Petard ya wuce tashar Haifa da fursunoninsa da takardun. Sai ranar 24 ga Nuwamba suka isa Bletchley Park, kwana 25 bayan kamun, a cikin watan da ya fi kowane muni a tekun.

Me ke cikin littattafan?

Ba makullin Enigma ba ne kai tsaye, kuma nan ne labarin ya fi daɗi ga mai son sanin yadda ake fasa tsaro. Ɗaya littafin na taƙaita rahoton yanayi ne, ɗayan na taƙaita saƙonnin aiki, irin su an hango ayari a wuri kaza, yana tafiya ɓangare kaza.

Dalilin taƙaitawar shi ne tsoron a gano inda jirgi yake. Duk lokacin da jirgin ƙarƙashin ruwa ya kunna rediyo, tashoshin Birtaniya na iya auna ɓangaren da siginar ta fito, in tashoshi biyu ko uku suka haɗa layukansu a kan taswira sai wurin ya bayyana. Ko ba a karanta saƙon ba, an san daga ina ya fito, kamar yadda a yau kamfanin waya ya san unguwar da kake daga turakun sadarwar da wayarka ke magana da su. Don haka Jamusawa suke matse rahoto gaba ɗaya, zafi da iska da gajimare, ya koma 'yan haruffa ƙalilan ta amfani da littafin, sannan a kulle su da Enigma a aika cikin daƙiƙoƙi.

To amma rahoton yanayi ba ya tsayawa a hedikwata. Tashoshin yanayi na Jamus suna haɗa shi da na sauran wurare su sake watsawa, da wani tsarin kullewa mai rauni wanda wani sashe na Bletchley ya riga ya iya karantawa. Ke nan Birtaniya ta san abin da jirgin ya ce game da yanayi. Abin da ta rasa shi ne yadda aka taƙaita shi. Da littafin a hannu, sai a mayar da rahoton zuwa ainihin haruffan da mai rediyon jirgin ya buga a Enigma. An samu guntun da bombe ke buƙata.

Saura matsalar faifai na huɗu. A nan Jamusawa suka yi wa kansu. Tashoshin gaɓa da yawa ba su da sabuwar na'ura, tsohuwa mai fayafayai uku suke da ita. Don su iya karanta rahoton yanayi, an ƙera M4 ta yadda in aka ajiye faifai na huɗu a wani matsayi na musamman, sai ta yi aiki sak da tsohuwar. A wannan matsayin ake aika rahoton yanayi. Saboda haka tsofaffin bombe na iya gano saitin fayafayai ukun da allon wayoyi daga rahoton yanayi kaɗai, abin da ya rage na sauran saƙonnin ranar kuwa gwaji 26 ne kawai.

Ranar Lahadi 13 ga Disambar 1942 Shark ya buɗe. A ranar hedikwatar sojin ruwa a Landan ta samu wuraren da jiragen Jamus fiye da goma suke a Atilantika. Turing, wanda fina-finai suka fi ɗaukaka, ba ya ma ƙasar a ranar. Yana Amurka tun Nuwamba, Hugh Alexander ne ke jagorantar sashen.

Mai riƙe da waya a yau zai ga kama biyu a nan. Sabuwar fasaha da aka bar mata ƙofar baya don ta yi magana da tsohuwa, har yanzu ita ce hanyar shiga: wayar da ke kan 4G za ta iya sauka zuwa 2G, inda kullewar ta tsufa kuma waya ba ta tantance ko turken da take magana da shi na gaske ne, shi ya sa turakun bogi ke tilasta wa wayoyi sauka can. Daga Android 12 an sa maɓallin kashe 2G a wayoyin da ke goyon bayansa, kodayake wanda ke yawan zuwa ƙauyen da 2G ce kaɗai ke kamawa sai ya yi tunani kafin ya taɓa shi. Kama ta biyu, babu wanda ya kayar da lissafin M4 gaba da gaba a 1942. Ta gefe aka bi, ta littafin da aka manta ba a jefa ruwa ba. Masu ƙwace asusun WhatsApp ma ba sa wahalar da kansu da fasa kullewar. Kira suke yi da murya mai daɗi, su ce an sa ka a taron wata ƙungiya, ka karanto musu lambobi shida da aka turo maka.

A Maris 1943 Jamusawa suka sauya littafin yanayin, Bletchley ta sake makancewa na kwana tara zuwa goma. Littafi na biyun da aka ɗauko daga U-559 shi ya fitar da ita, domin a lokacin ana kazamin faɗa a kan ayari, jirage na ta aika gajerun saƙonnin hango abokan gaba, guntaye suka samu a wadace. A watan Mayu Jamus ta rasa jiragen ƙarƙashin ruwa fiye da 40, Dönitz ya janye sauran daga arewacin Atilantika ranar 24 ga watan. Karanta saƙonni ba shi kaɗai ya kawo haka ba. Akwai sabuwar rada, da jiragen sama masu cin dogon zango, da ƙarin jiragen rakiya. Amma sanin inda maharbi ya laɓe ya sa duk waɗannan suka yi amfani. Dönitz ya sa an yi bincike fiye da sau ɗaya, kowane lokaci masanansa suna tabbatar masa Enigma ba ta fasuwa.

Yaƙi bai ƙare wa Petard ba

Mutanen jirgin ba su san ko ɗaya daga cikin wannan ba, aiki kawai suka ci gaba da yi. Ranar 15 ga Disamba, kwana biyu bayan buɗe Shark, Petard da jirgin Girka mai suna Vasilissa Olga suka ci karo da jirgin ƙarƙashin ruwa na Italiya, Uarsciek, a kudu da Malta. Suka tilasta masa tasowa, aka yi musayar wuta, kwamandansa ya mutu, jirgin ya nitse ana ƙoƙarin jan sa.

A farkon 1943 Rupert Egan ya karɓi jagoranci daga Thornton. Petard ya yi rakiyar ayari zuwa Malta, ya shiga tsare gaɓar Tunisiya, ya halarci mamaye tsibirin Sisili a watan Yuli, inda ya ɗauki Janar Eisenhower daga Malta zuwa bakin gaɓar da sojoji suka sauka. Daga nan sai Salerno, sai kuma tsibiran Tekun Aegean a ƙarshen shekara, inda Birtaniya ta sha kashi saboda sararin sama na hannun Jamus. A nan Petard ya tsamo waɗanda suka tsira daga HMS Eclipse bayan ya taka nakiya, ya kuma ja HMS Rockwood zuwa mafaka bayan wani sabon makami ya same shi: Hs 293, bam mai fukafukai da injin roka, wanda mutum ke tuƙawa da rediyo daga cikin jirgin sama yana riƙe da ɗan sanda irin na wasan gem. Cikin jirage biyar da suka farauci U-559, uku sun nitse kafin ƙarshen 1943. Pakenham a Afrilu, Hurworth a Oktoba ta hanyar nakiya, Dulverton a Nuwamba ta hanyar wannan bam mai fukafukai.

Rana mafi muni

A farkon 1944 aka tura Petard Tekun Indiya. A watan Fabrairu wani ayarin jiragen ɗaukar sojoji biyar ya taso daga Mombasa zuwa Colombo, a kan hanyar yaƙin Burma, fagen da dubban sojojin Afirka ta Yamma, har da 'yan arewacin Najeriya da yawa, suka yi yaƙi a runduna ta 81 da ta 82. Waɗanda ke cikin wannan ayari dai na Afirka ta Gabas ne. Ɗaya daga cikin jiragen, Khedive Ismail, yana ɗauke da mutum 1,511, kusan dubu daga cikinsu sojojin igwa ne na Afirka ta Gabas da hafsoshinsu, akwai kuma mata ma'aikatan jinya da na sojin ruwa. Petard da ɗan'uwansa Paladin na cikin masu rakiya.

Da rana tsaka ranar 12 ga Fabrairu, a kusa da tsibiran Maldives, jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan mai lamba I-27 ya harba tofido, biyu suka samu Khedive Ismail. Cikin minti uku ya ɓace. Paladin ya saukar da kwalekwale yana tsamo mutane. Sai na'urar ASDIC ta nuna cewa I-27 yana ƙarƙashin inda waɗanda suka tsira ke iyo.

Egan na da zaɓi biyu, babu mai daɗi. In ya saki bama-bamai, girgizar fashewarsu za ta kashe mutanen da ke cikin ruwa. In ya ƙyale, akwai sauran jirage huɗu maƙare da sojoji, kuma umarnin rundunar a bayyane yake cewa hallaka jirgin abokan gaba ne a gaba. Ya saki bama-baman. Wasu da suka kuɓuta daga tofidon Japan, bam ɗin masu ceton su ne ya kashe su.

I-27 ya taso. Ƙato ne, tsawonsa ya ɗara na Petard, harsasan igwar distiroya ba su yi masa wani abin kirki ba. Paladin ya nufe shi zai banke shi, ya goga a jikinsa, ya tsage nasa cikin har ruwa ya fara shiga. Petard ya koma harba tofido ɗaya bayan ɗaya, suna kuskurewa. Na bakwai ne ya same shi. Mutum 1,297 suka mutu daga Khedive Ismail, 214 suka tsira. Mata 77 ne cikin mamatan, shida kawai suka rayu. Akasarin waɗanda suka mutu 'yan Afirka ne, kuma wannan ɓangaren na tarihin Petard ba a cika ba da shi ba kamar na U-559.

Bayan an ajiye makamai

An ba Fasson da Grazier lambar George Cross bayan mutuwarsu, Brown kuma George Medal. Sanarwar ba ta faɗi abin da suka ɗauko ba, don ko alama ba a so Jamus ta ji. Labarin jarumtar Brown ne ya tona asirin shekarunsa, aka mayar da shi gida, daga baya ya koma aiki a jirgin HMS Belfast. A Fabrairun 1945, yana gida a North Shields, gobara ta tashi, ya mutu yana ƙoƙarin ceto ƙanwarsa. Mahaifiyarsa ce ta karɓi lambar daga hannun Sarki George na Shida. Bai taɓa sanin mene ne takardun da ya hau tsani da su sau uku ba.

Petard ya ga ƙarshen yaƙi lafiya. A tsakiyar shekarun 1950 aka sake masa fasali ya koma jirgin farautar jiragen ƙarƙashin ruwa na zamanin Yaƙin Cacar Baka, amma yawancin shekarunsa a ajiye ya yi su. A 1967 aka kai shi Bo'ness a Sikotilan aka yanka shi aka sayar da ƙarfen. Sai a 1974 aka fara bayyana wa duniya aikin Bletchley Park.

A shekarar 2000 Hollywood ta fitar da fim mai suna U-571, wanda ya nuna sojojin ruwan Amurka ne suka ƙwace Enigma daga jirgin Jamus. Abin ya ɓata wa Birtaniya rai har aka tayar da maganar a majalisa, Firaminista Tony Blair ya yarda cewa cin fuska ne ga sojojin ruwan ƙasarsa. Kamun farko na Enigma daga jirgin ƙarƙashin ruwa, jirgin Birtaniya HMS Bulldog ne ya yi shi a Mayun 1941, watanni bakwai kafin Amurka ta shiga yaƙin. A Tamworth, garin su Grazier, jaridar garin ta jagoranci tara kuɗi, a 2002 aka kafa abin tunawa a dandalin coci: anka uku na ƙarfe a sarƙe da juna, ɗaya ga kowane mutum.